Gashin Da Allah Ya Halitta Wa Mace, Da Iyakar Ikon Miji Da Dangi A Kansa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ƙagi ɗan Adam, Ya kyautata surarsa, Ya kuma rarrabe tsakanin bayinSa a launi da harshe domin hikimar da Shi kaɗai Ya kewaye da saninta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka.

Akwai wata rigima da ta ke aukuwa a gidajen Musulmi a wannan zamani, wadda ba a cika kai ta gaban alƙali ba, ba a kuma cika tambayar malamai hukuncinta ba, saboda kunya, da kuma ganin cewa ƙaramar magana ce. Alhali kuwa ta sha raba kan ma'aurata. Mace ce ta shekara goma ko fiye tana shafa man nan mai miƙar da gashi, wanda mata ke kira rilaksa, tun tana budurwa a gidan iyayenta. Sai ta wayi gari gaban goshinta ya cinye, fatar kanta duk tabon ƙuna, gashin kuma yana bin mataji duk safiya. Ta yanke shawara ta daina. Gashin ɗan Adam kuwa ya kan ƙaru da kimanin santimita ɗaya ne a wata, saboda haka kafin wata huɗu sabon gashi ya bayyana daga tushe, murɗaɗɗe, mai ƙarfi, irin wanda ta ke da shi tun tana yarinya. Daga nan ne magana ta kan tashi. Maigida ya ce shi ba haka ya auro ta ba. Uwar miji ta ce ƙazanta ce da rashin son ado. Ƙannen miji su riƙa ƙifta wa juna ido in ta cire kallabi. Ita ma mahaifiyarta, wadda ba ta nufin ta da komai sai alheri, ta ja ta gefe ta ce, "Ke 'yar nan, rufa wa kanki asiri ki koma salun, kada ki ja a yi miki kishiya." Sai baiwar Allah ta tsaya tsakanin tsoro biyu: na lafiyarta, da na aurenta.

Wannan shi ne abin da za a duba, a ga me shari'a ta ba miji, me ta hana shi, kuma mene ne matsayin dangi.

Farkon abin da ya wajaba a tabbatar shi ne cewa murɗewar gashin baƙar fata halitta ce, kuma Allah bai yi ta da kuskure ba. A cikin Suratur Rum, aya ta 22, Allah Ya ƙidaya saɓanin harsuna da launukan mutane cikin ayoyinSa, Ya jera shi tare da halittar sammai da ƙasa. A cikin Suratut Tin kuwa, aya ta 4, Ya yi rantsuwa a kan kyawun tsayuwar da Ya halicci mutum a kanta, bai kuwa keɓe wani jinsi ya bar wani ba. Masana sun bayyana cewa ramin da silin gashi ke tsirowa daga cikinsa a fatar baƙin mutum lanƙwasasshe ne, shi ya sa silin ke fitowa yana nannaɗewa. A shekarar 2023 waɗansu masu bincike na Amurka da Ingila suka sanya wa wani mutum-mutumi gashi iri-iri, suka haska masa fitilu masu zafi kamar na rana, suka auna zafin da ke isa fatar kai. Sai suka tarar murɗaɗɗen gashi ya fi kowane iri kare kai daga zafin rana, domin ya kan tashi sama ya bar iska tsakaninsa da fata. Wanda ya san ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Damagaram ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan ni'ima.

Larabawa suna da kalmomi na rarrabe gashi. Miƙaƙƙe su kan ce masa sabɗ, mai lanƙwasa ja'ad, wanda ya murɗe ƙwarai kuwa ƙaɗaɗ. Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, da ya siffanta Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya nuna gashinsa yana tsakanin miƙewa da tsananin murɗewa ne. Ibn Manzur ya kawo a ƙamusunsa Lisanul Arab cewa Larabawa su kan yabi mutum da lanƙwasar gashi, domin miƙaƙƙen gashi a wurinsu na Rumawa ne da Farisawa. Amma gaskiya ita ce, a wannan wuri ɗin dai ya nuna su kan kushe wanda ya murɗe irin na mutanen Nuba da Zanj. To, wannan ɗanɗanon mutane ne, kowace al'umma da abin da idonta ya saba da shi. Shari'a ba ta ɗora komai a kansa ba. Hasali ma Bukhari ya ruwaito umurnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na a ji a kuma bi shugaba ko da bawa ne Bahabashe wanda kansa ya yi kama da busasshen 'ya'yan inabi, siffar da masu sharhi suka danganta da ƙanƙantar kai ko murɗewar gashi. Watau abin da mutanen wancan zamani ke rainawa, shi ne aka ɗauko aka ce ko mai wannan siffa ne, biyayya gare shi wajibi ce. Usamatu ɗan Zaidu baƙi ne, ɗan Ummu Aimana Bahabashiya, kuma shi ne Annabi ya zaɓa wa Faɗimatu 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, ya zama mijinta; ta ƙi da farko, daga baya ta shaida cewa Allah Ya sanya alheri a auren, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

To, daga ina baƙar mace ta koyi jin kunyar gashinta? Inda wannan ciwo ya fi tsanani, kuma inda aka fi rubuta tarihinsa, shi ne ƙasar Amurka, wurin jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka. A can an daɗe ana auna darajar baƙin mutum da gwargwadon kusancin kamarsa da ta ubangidansa, har kalmar "gashi mai kyau" ta zama tana nufin mai santsi kawai. A shekarar 1786 gwamnan Luwiziyana, lokacin tana hannun Sifaniya, ya kafa doka cewa mata masu jinin Afirka su riƙa ɗaure kansu da ƙyalle in za su fita, ba domin sutura ba, sai domin a tuna musu matsayinsu. Alhaji Malik Shabazz, wanda duniya ta sani da Malcolm X, ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1965 yadda, yana saurayi a birnin Boston, aka dama masa soda da dankali da ƙwai aka shafe masa kai, ya jure azabar ƙuna har ya ga gashinsa ya kwanta irin na Bature, ya yi ta murna a gaban madubi. Bayan Allah Ya shiryar da shi, ya ƙidaya wannan rana cikin matakan farko na wulaƙanta kansa da kansa. A shekarun 1960 ne baƙaƙen Amurka suka fara barin sumarsu ta tashi a matsayin alamar 'yanci, amma tsangwama ba ta ƙare ba: ana korar yara daga makaranta, ana hana mata aiki, har sai da jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2019 wadda ta haramta nuna bambanci saboda yanayin gashi ko kitso, jihohi fiye da 20 kuma suka bi sahunta. A Afirka ta Kudu ma, a 2016, 'yan mata ɗalibai na wata babbar makarantar mata a Firtoriya sun yi zanga-zanga saboda an matsa musu su miƙar da gashinsu.

Amma akwai bambanci tsakanin halin waɗancan mata da halin Musulma mai sutura a ƙasar Hausa, kuma bambancin shi ne gundarin maganar. Ba'amurkiya tana fama ne da shugaban ofis da hukumar makaranta, mutanen da doka za ta iya tsawata musu. Ita kuwa wannan, babu mai ganin kanta sai mijinta, da muharramanta, da 'yan'uwanta mata. Saboda haka duk kalmar da za ta soke ta a kan gashinta, daga bakin makusancinta za ta fito, a cikin ɗakinta ko a gidan biki. Babu majalisar da za ta kafa wa wannan doka. Sai tsoron Allah.

Mafi bayyanar nassi a wannan babi shi ne abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha da 'yar'uwarta Asma'u, Allah Ya yarda da su. Wata mata daga cikin Ansar ta aurar da 'yarta, sai yarinyar ta kamu da ciwo, a wata ruwaya an ce ƙyanda ce, gashinta ya zube. Uwar ta zo wurin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ta bayyana masa halin da a ke ciki, ta kuma ce mijin yarinyar ne ya umurce ta da ta ƙara mata wani gashi. Sai ya hana, ya kuma ambaci la'ana a kan mai ƙarawa da wadda a ke ƙara wa. Mai karatu ya lura da irin uzurorin da suka taru a wannan ƙissa. Yarinya amarya ce. Ciwo ne ya zubar da gashin, ba sakaci ba. Miji ne ya nema. Uwa ce ta zo roƙo, cikin tausayin 'yarta da tsoron kada auren ya lalace. Waɗannan su ne hujjojin da a ke kafawa a yau, ɗaya bayan ɗaya, kuma duk an gabatar da su a gaban wanda ya fi kowa tausayin al'umma, bai karɓa ba. Imam Bukhari, saboda zurfin fiƙihunsa, ya sake kawo hadisin a Littafin Aure, a ƙarƙashin babin da ya ware domin nuna cewa mace ba ta yi wa mijinta ɗa'a a cikin saɓon Allah.

Mu'awiya ɗan Abu Sufyan ma, a zuwansa na ƙarshe Madina, ya hau mumbari ya ɗaga wani curin gashi, ya tambayi mutanen garin inda malamansu su ke, ya tuna musu hanin Annabi, ya kuma ce Annabi ya kira wannan aiki da sunan zur, watau ƙarya. Wannan suna shi ne mabuɗin illar hukuncin: nuna wa ido abin da babu shi.

Malamai sun haɗu a kan haramcin ƙari da gashin mutum. Sun saɓa a kan abin da ba shi ba. Alƙali Iyal ya naƙalto daga Imam Malik da Ɗabari da malamai masu yawa cewa ƙari haramun ne da kowane abu, gashi ne ko ulu ko tsumma, saboda hadisin Jabir a cikin Muslim wanda ya tsawatar a kan mace ta haɗa wani abu da kanta. Laisu ɗan Sa'ad, malamin Masar, ya ce hanin ya keɓanta da gashi ne. Hanafawa sun sauƙaƙa a kan abin da ba na ɗan Adam ba, Shafi'awa kuma, a mafi ingancin zance a wurinsu, sun halatta gashi mai tsarki wanda ba na mutum ba ga matar aure in mijinta ya yi izini. Amanar ilmi ce ta sa aka kawo waɗannan, domin kada a ɗauka duk wadda aka gani da zare a kai la'ananniya ce. Shi kansa Alƙali Iyal ya fitar da zaren alharini mai launi da makamancinsa, wanda a ke ɗaure gashi da shi kuma kowa ya san ba gashi ba ne, daga cikin hanin. Amma gashin doki na roba da a ke sayarwa a kasuwa a yau, ƙwarewar masu yin sa duk tana ga yadda ba za a iya bambanta shi da na gaske ba, saboda haka ya fi kusa da abin da aka kira zur, kuma a mazhabar Malikiyya wadda mutanen wannan ƙasa ke bi, hani ne. Mijin da ya ce lalle sai an yi, yana tura matarsa ne zuwa abin da mazhabarsa ta haramta, mafi sauƙin hali kuwa zuwa shubuha. Bahaushe dai ya riga ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Wanda a ke sayarwa da tsada da sunan gashin mutum na gaske kuwa, yana da kyau mai saye ya san inda wani kaso nasa ke fitowa. A kudancin Indiya akwai babban ɗakin bauta na Hindu a Tirupati, inda dubban masu ziyara, maza da mata, ke aske kansu kowace rana domin cika alwashi ga abin bautarsu, hukumar wurin kuma ta tara gashin ta yi gwanjonsa, 'yan kasuwa su kai shi ƙasashen duniya. A shekarar 2004 manyan malaman Yahudawa a Isra'ila suka hana matansu sanya hular gashin da aka yi da gashin Indiya saboda wannan dalili, har aka riƙa ƙona su a titi. Ba kowane gashi ne daga can ba, amma babu mai sayen da zai iya rantsewa daga kan wa nasa ya fito, ya kuwa kai shi har kan sallaya.

Shi kuwa man miƙar da gashi, hukuncinsa dabam ne, kuma bai kamata a yi gaggawar haramta abin da nassi bai ambata ba. Ba ƙari ba ne, gashin nata ne. Da yawa daga malaman wannan zamani suna ganin asalinsa halas ne, kamar taje kai da rina shi da lalle, kuma ba su sanya shi cikin canza halittar Allah da aka ambata a Suratun Nisa'i, aya ta 119 ba, tun da sabon da zai tsiro yana komawa asalinsa ne. Amma sun gindaya sharaɗin rashin cutarwa, bisa ƙa'idar nan da Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa mai hana cutar da kai da cutar da wani. To, a nan ne ya kamata a san abin da ke cikin kwalbar. Yawancin irin wannan mai ana yin sa ne da soda mai ƙarfi irin wadda a ke dafa sabulu da ita, ko 'yan'uwanta, kuma aikinsa shi ne ya tsinka ƙulle-ƙullen da ke riƙe da silin gashi daga ciki, sai silin ya saki ya kwanta. Watau santsin da a ke gani alamar rauni ce. In ya jima a kai kaɗan fiye da ƙima, ya ƙona fata. A watan Oktoba na 2022 Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasar Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mata 33,497 na tsawon kusan shekara 11, aka sami 378 daga cikinsu da ciwon dajin mahaifa. Aka ƙiyasta cewa a cikin matan da ba su amfani da mayukan miƙar da gashi, ƙasa da 2 cikin 100 ne za su kamu kafin shekara 70, a cikin masu yawan amfani da su kuwa, watau fiye da sau huɗu a shekara, kimanin 4 ne cikin 100. Masu binciken da kansu sun ce alaƙa suka gani, ba su yanke cewa man ne sanadi kai tsaye ba, kuma ciwon ba mai yawan aukuwa ba ne. Amma wannan ya isa ya zama uzuri ga macen da ta ce ta daina. Wadda ta riga ta ga ƙuna da zubewar gashi a kanta kuwa, ita ba ta bukatar jiran wani bincike. Barinsa ya zama wajibi a kanta, kuma miji ba shi da ikon tilasta mata komawa. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Kada kuma mace ta ɗauki wannan bayani ta mai da shi makami. Miji yana da haƙƙi tabbatacce na matarsa ta yi masa ado, kuma barin gashi a kan halittarsa ba ya nufin a bar shi ya cukurkuɗe a ƙarƙashin ɗankwali wata da watanni. Abu Dawuda ya ruwaito umurnin girmama gashi ga duk mai shi, kuma a cikin Muwaɗɗa an kawo cewa Abu Ƙatada, bayan an umurce shi da haka, ya kan shafa wa sumarsa mai har sau biyu a yini. In an nemi wannan daga namiji, ina ga matar aure? Kakannin matan Hausa ba su san salun ba, amma sun san makitsiya, sun san doka da shuku da zane da kalaba, sun san man shanu da man kaɗanya da lalle, sun san ranar tsifa da ranar wanki. Mijin da ya yi ƙorafi saboda wari ko rashin gyara, gaskiyarsa ce, kuma wajibi ne a saurare shi. Wanda ya yi ƙorafi saboda gashin bai yi kama da na matan da ya ke kallo a fina-finan Indiya ba, shi ne a ke ce wa ya runtse idonsa tukuna, domin ciwon daga can ya faro.

Har ila yau, ya kamata maigida ya san cewa gyaran da ya ke nema yana cikin ciyarwar da ke wuyansa. Shaihu Halil, a babin ciyarwa na Muhtasar, ya ƙidaya kayan adon da mace ke cutuwa da rashinsu, kamar kwalli da man shafawa na al'ada da lalle, cikin abin da ke kan miji. An kuma ruwaito daga Ibn Abbas cewa yana son ya yi wa matarsa ado kamar yadda ya ke son ta yi masa, yana kafa hujja da aya ta 228 ta Suratul Baƙara. Sau nawa a kan ga mai kushe kan matarsa, shi kuwa nasa kan ya yi wata bai ga wanzami ba! Idan kuma zuciyarsa ta ƙi wani abu na halittarta wanda ba ta da iko a kansa, to aya ta 19 ta Suratun Nisa'i da shi ta ke magana, inda aka umurci maza da kyakkyawan zama, aka kuma tuna musu cewa abin da mutum ya ƙi yana iya zama inda Allah Ya ajiye alheri mai yawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya yi kakkausan suka a cikin Nurul Albab a kan masu cusa wa mata cewa tsirarsu tana ga bin miji kawai, ba tare da sun umurce su da bin Allah da ManzonSa ba. Yi wa mace barazanar kishiya ko saki domin ta aikata abin da ke cutar da jikinta ko addininta, reshe ne na wannan abin da Shehu ya soka.

Dangi kuwa, nasu ya fi sauƙin bayani, domin ba su da haƙƙin ado a kan matar ɗansu ko ta ɗan'uwansu ko kaɗan. Abin da su ke da shi nasiha ce, a asirce, da lafazi mai daɗi. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili, ta kuma ware mata ta ambace su dabam bayan ta ambaci maza, sa'an nan ta hana jifan juna da miyagun laƙabi. Nana A'isha, duk da matsayinta, da ta yi nuni da gajartar Nana Safiyya, Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya sanar da ita cewa kalmar tata za ta iya gurɓata ruwan teku, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Da Abu Zarri ya gori wani mutum da mahaifiyarsa, wanda waɗansu masu sharhi suka ce Bilal ne, an gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya tare da shi. Gori a kan taurin gashi ɗan'uwan gori a kan baƙin fata ne, kuma abin takaici, a nan baƙi ne ke yi wa baƙi.

Mafi nauyin wannan duka shi ne abin da a ke yi wa yara. Yarinya 'yar shekara biyar ko shida, ana shirin salla, a danne ta tsakanin gwiwoyi a shafa mata wannan mai, tana kuka ana ce mata ta yi haƙuri za ta yi kyau. Abin da ta koya a wannan rana shi ne cewa yadda Allah Ya yi ta bai isa ba, kuma daga bakin uwarta ta ji. Ita ce za ta girma ta faɗa wa tata 'yar. Jikin yaro amana ne a hannun iyaye, ba su da izinin sanya shi cikin haɗari domin kwalliyar yini biyu. Haka nan kitson da a ke ja har fatar goshi ta ɗaga, yarinya ta kasa barci; likitocin fata sun tabbatar cewa yawan jan nan yana cinye gashin gefen kai, in ya daɗe kuma tushen ya mutu ba ya sake tsirowa, kuma haɗarin ya fi yawa in an ja gashin da aka riga aka raunana da mai. Kitson gargajiya ma, in ya kai ga haka, ya shiga cikin hanin cutarwa.

Saura mas'alar yankewa, wadda ita ce ta fi tayar da hankalin dangi, domin a al'adar Hausawa ba a saba ganin mace da gajeren gashi ba sai mai jinya. Wadda ta daina shafa mai ta kan sami kanta da gashi iri biyu a sili ɗaya, kuma a mahaɗarsu ya ke karyewa, saboda haka da yawa su kan yanke tsohon. Rage gashi ga mace ya halatta. Muslim ya ruwaito cewa matan Annabi sun kasance suna rage nasu har ya tsaya wajen kunnuwa, abin da malamai suka ce bayan wafatinsa ne. Aske shi ƙwal kuwa malamai sun hana sai da lalura, kamar ciwo. Abin da ya dace shi ne ta shawarci mijinta kafin ta sa almakashi, ta bayyana masa dalili, ta gaya masa tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya kamu da kitso, domin yana da haƙƙi a cikin adonta, kuma abin da aka yi da shawara ba ya zama abin gori. Shi kuma in ya ga lalurar a fili, hanawa zalunci ne.

Daga ƙarshe akwai maganar tsarki, wadda mata da yawa ke tambaya. Ummu Salama ta gaya wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ita mace ce mai ƙarfafa kitso, ko sai ta tsefe domin wankan janaba? Ya ce mata a'a, ya ishe ta ta kwarara ruwa sau uku a kanta sa'an nan ta game jikinta. A kan wannan Ibn Abi Zaid ya tafi a cikin Risala: ba sai ta tsefe ba, amma ta cuɗa ta matsa har ruwa ya ratsa. Masu sharhin mazhaba sun ƙara da cewa in an yi kitson da zaruruwa masu yawa, ko ya yi tsaurin da ruwa ba ya shiga, to sai an warware. A alwala kuma Malikiyya suna wajabta shafar kai duka, a kan gashin kansa ko kitsonsa, ba a kan abin da aka rufe shi da shi ba. Saboda haka hular gashin da a ke mannawa da gam ta yi mako biyu ko uku ba a cire ba, tana hana shafa a alwala, tana kuma hana ruwa isa fata a wanka, sallolin waɗannan kwanaki kuwa a kan wannan tsarki aka gina su. Mijin da ya biya kuɗin mannawar ya lissafa har da wannan. Allah Shi ne Mafi sani.